Esh na Jidda, Esh na Gona

Rana ta ɗaya: daga Waziriyya zuwa jirgi

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba muka fito daga gidanmu a unguwar Waziriyya, ni da Baba. Mama ta rako mu har ƙasan bene da ledar esh mai zafi, don mai gasa shi a layinmu tun kafin kiran salla yake kunna wuta. Mu 'yan Jidda burodi shi ne esh, ko da Hausa muke magana. Maƙwabtanmu 'yan Najeriya ne kawai nake ji suna cewa burodi.

Sudan za mu, ɗauko Habboba, wato kakata mahaifiyar Baba. Cutar yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, likita a nan ya ce a kawo ta. Tun da yaƙi ya tsare hanyar ƙauyensu ba mu gan ta ba. Yanzu harbi ya tsaya a wajensu, sai dai waɗanda suka shiga da bindiga ba su fita ba, su ke riƙe da yankin. Kafilin Baba, wato ubangidansa a wurin aiki, ya ba shi kwana goma sha biyu, ba ƙari. Ni aka haɗa shi da ni saboda Mama tana goyo, kuma dole a samu mace da za ta riƙa kama hannun Habboba zuwa banɗaki a hanya.

Mai tasi ya ce riyal talatin zuwa tashar jiragen ruwa. Da ya ji inda za mu, ya dubi Baba ta madubi.

"Sudan? Mutane fitowa suke yi, kai kana shiga da yarinya?"

"Uwata ce a can," in ji Baba.

"Khalas, ban ce komai ba." Da muka sauka, ashirin da biyar ya karɓa.

Layi ya ci mu har sha ɗaya. Baba mutumin takarda ne. Iƙamarmu, wato takardar izinin zama, da fasfo da bizar Habboba suna cikin leda biyu, cikin aljihun ƙirjinsa, kuma kafin a buga mana hatimi sau bakwai na ga ya taɓa wurin. Kayan fasinja yawanci sukari ne da faifan sola da injin ban ruwa. Biyar saura ashirin jirgi ya ɗaga. Na tsaya a jikin ƙarfe har gine-ginen Ruwais suka koma kamar ashana.

Rana ta biyu: Sawakin zuwa Kassala

Bakwai da rabi na safe muka shiga Sawakin. Tsofaffin gidajen bakin ruwan farare ne, rabinsu a rushe, tsuntsaye suna zaune a tagogi. A bakin ƙofa na fara ganin abin da ya bi mu har ƙarshen tafiya: komai farashinsa biyu. Canjin riyal a taga daban, a gindin bishiya daban. Baba ya nufi taga. Wani mai ledar kuɗi a hammata ya bi shi da kira, "Ya hajj, tagar nan ado ce!" Baba bai waiga ba.

Sha ɗaya bas ta tashi. Kilomita kusan ɗari biyar, shinge shida, a kowanne maza su sauka, mata su zauna. Takwas ta gota muka isa Kassala. A masauki gadajen igiya ne jere a tsakar gida, muka ci ful, wato dafaffen wake, da man riɗi da albasa. Da safe na ga duwatsun garin, sumul kamar an kife manyan ƙwarya.

Rana ta uku: Kassala, Gadarif, sai ƙauye

Shida da minti goma muka tashi, goma da rabi muna Gadarif, kilomita ɗari biyu da 'yan kai. Ƙasa ta koma baƙa, hadari yana ta taruwa a gabas. Baba ya sayo burodi guda goma a bakin tasha. Ina tsaye ina jiransa na ji wani dattijo yana faɗa wa abokinsa da Larabci cewa can kudu babu esh a kasuwa ko na magani. Ga shi kuma burodi jibge a faranti, motoci suna ta lodinsa zuwa kudun. Abin ya ɗaure min kai, amma ni ba na iya tambayar baƙo, Baba kuma yana cikin ciniki.

Daga nan Baba ya ce in canza sunayen garuruwa in zan rubuta, saboda mutanenmu suna can. Ƙauyen Habboba zan kira shi Tudun Alhazai.

Sha biyu muka hau boksi, wato a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya. Direban Bahaushe ne, Abakar, ya san gidanmu. Kilomita ɗari da arba'in muka yi cikin awa biyar. Bayan shinge na uku kayan masu tsaron suka canza, Abakar ya kashe rediyo, ya fara yi wa Baba bayani.

"Alhaji, yanzu kwamiti ne. Duk dawar da ka noma, su za ka sayar wa, a farashin da suka rubuta a allo. Buhu guda ba ya sayen galan ɗin mai. Kuma ƙwaya ɗaya ba ta tsallaka gada sai da takardarsu."

"To mutane me suke ci?"

Abakar ya yi dariya. "Kowa yana ci, kowa kuma ba shi da ita. Za ka gani."

Biyar na yamma muka isa. Habboba tana zaune a ƙofar ɗaki, ƙarama fiye da yadda nake tunawa. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta ce in yi magana ta ji muryata. Na ce, "Sannu, Habboba." Ta jira sauran, babu.

"Shi ke nan? Duk tekun nan kika tsallako da kalma biyu? To, Shiru-shiru, zauna."

Da daddare aka kawo kisra, wata siririyar waina ta garin dawa, da miyar kuɓewa. Kisra tana da tsami, ban saba ba. Na ci kaɗan don kada a ce 'yar Jidda ta raina abinci, burodi huɗu da suka rage kuma na tura su can ƙasan jakata, ban faɗa wa kowa ba.

Rana ta huɗu: Tudun Alhazai

Da safe Baba ya ce, "Inna, gobe za mu kama hanya."

"Ku kama. Ni ba inda zan je sai iri ya shiga hannun Haruna."

Baffa Haruna ƙanen Baba ne, gonarsa tana hayin kogi, bayan gada. Kwamiti sun share rumbunsa har da abin shuka, sun biya shi a farashin allo. Ya gyara gona, ruwan farko ya sauka, ba shi da abin da zai sa a rami. Irin da ake samu a ɓoye gauraye ne, wani ma ba ya fitowa. Habboba kuwa tana da kaura, jar dawar nan da kakarta ta taho da ita a ƙulle daga ƙasar Hausa, lokacin da suka biyo hanyar Makka a ƙasa suka tsaya a nan. Duk tsawon yaƙi a tukunya ta binne ta, da toka da ganyen darbejiya, a ƙarƙashin murhu.

"Inna, kwanakina ƙidayayyu ne. In na wuce, aikin ya tafi, iƙamar yara ta tafi."

"Idona ya jira shekara, zai jira. Ruwan sama ne ba ya jira. In kaurar nan ta kwana damina ɗaya ba a shuka ba, daga kaina ta ƙare. Ba zan je gaban uwata da wannan ba."

Baba ya saka hula ya ce zai nemo takarda. Na bi shi. Kasuwar ƙauyen rumfa ce wajen talatin, amma tsintsiya da igiya da gishiri kawai na gani. Rumfunan hatsi an share su fes, mudu a kife. A bangon ma'ajiyar kwamiti an rubuta farashin dura, wato dawa da Larabcin makaranta, da farin alli mai kyau.

Mai teburin ya saurari Baba da ladabi. Ya ce iri daga ma'ajiya ake karɓa.

"To a ba ɗan'uwana."

"Bai iso ba. Mako mai zuwa, in sha Allahu."

"In wani yana da nasa fa, yana so ya kai masa?"

Mutumin ya ɗago kai. "Wa ke da shi? Ya kawo mu saya."

"Tambaya ce kawai," in ji Baba, muka fito.

A hanyar komawa na lura da jakuna. Suna tafiya rijiya da jarkoki huɗu-huɗu suna nishi, ƙafa tana nutsewa a laka. Masu dawowa daga rijiyar kuwa sai sassarfa suke, jarkoki suna ƙara kamar ganga. Kaji kuma suna bin masu tafiyar a baya suna tsince-tsince. Na ja rigar Baba na ce, "Baba, jakunan nan a juye suke." Ya duba, ya duba, sai ya kama hannuna ya ce in kalli gabana. Daga baya Habboba ta ce ai can ce kasuwar. Ka kai jarka guda ta dawa, a ba ka sabulu da sukari da maganin zazzaɓi. Har matan 'yan kwamitin can suke aikawa, don allo ba ya tuƙuwa a tukunya.

Da la'asar na shiga ɗaki na tarar da Habboba tana ɗinki da lalube. Matasan kai biyu ne. Ta ce in zura mata zare a allura. Da na ɗaga ɗaya don in gyara mata, ya fi ƙanena nauyi, kuma yana ƙanshin toka da darbejiya. Cikinsa ya yi wani ɗan sauti kamar yayyafi a kan kwano. Ta ji na tsaya.

"Me kika ji, Shiru-shiru?"

"Matashi."

"Allah ya yi miki albarka."

Baba ya daɗe a tsakar gida yana taɓa aljihun ƙirjinsa. Abakar ya riga ya faɗa mana abin da ake yi wa wanda aka kama: a ƙwace hatsin, a tsare mota, namiji kuma ya yi kwanaki a ɗakin bayan ma'ajiya. Kwanakin da Baba ba shi da su. Bayan magariba ya leƙo ya ce, "Inna, shida za mu tashi."

Rana ta biyar: gada

Shida da rabi muka fita da boksin Abakar. An shimfiɗa wa Habboba katifa a baya, matashi ɗaya a ƙarƙashin kanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, ni a gefenta da jakata a cinya. Kilomita goma sha takwas ne zuwa gadar. Bakwai da kwata muka tarar da motoci uku a gaba. Daga ta farkon an sauke buhu biyu da aka lulluɓe da gawayi, mai su yana zaune a ƙasa ya dafe kai.

Wanda ya zo kanmu dogo ne, leɓensa ya bushe ya tsage, takalminsa ɗaya an ɗaure da waya. Baba ya miƙa takardu ya ce tsohuwa ce za ta yi sallama da ɗanta kafin a kai ta asibiti. Mutumin ya duba, ya leƙa ƙarƙashin kujeru, ya buga tayar safaya. Na ga idonsa ya tsaya a kan matashi ɗaya, ya koma kan ɗayan. Sai ya bar manya ya juyo kaina. Ashe haka suke yi, yara suke tambaya.

"Ya bit," ya ce, "ma'akum esh?" Wato, ke yarinya, kuna da esh?

Kunya ta kama ni, don na ɗauka ya gano abin da na ɓoye. Na sunkuyar da kai na ce, "Aiwa," wato eh.

Na ji Abakar ya ce "Innalillahi" a hankali. Hannun Habboba ya damƙe ƙafata har na ji farcenta. Ban gane me na yi ba.

"Wen?" Yana ina? Ya kira wani abokinsa da hannu.

"A jakata. Guda huɗu ne kawai. Sun ɗan bushe."

"Guda huɗu?"

Na zuge jaka, na ɗaga kayan sawata, na fito da ledar na miƙa masa da hannu biyu. Na ce ya yi haƙuri, tun na Gadarif ne.

Ya dubi burodin, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har ya dafa motar. Ya ɗaga ledar sama yana nuna wa sauran. "Ku zo ku ga esh! Mun kama babbar 'yar fasa-ƙwauri!" Ya sake buɗe fasfona. "Haihuwar Jidda. Wallahi na sani. Ya hajj, ba ka koya mata maganar ƙasarta ba?"

"Laifina ne," in ji Baba.

Kafin mu tashi sun raba burodin su biyar, dogon yana ci yana dariya, gutsuttsura a gemunsa. Ya buga jikin motar. "Yalla, ku wuce da Hajiya."

Sai da gada ta ɓace a baya Abakar ya tsaya ya kifa kansa a sitiyari. Baba ya zagayo.

"Safiya, kin san me ya tambaye ki?"

"Esh."

"A nan ƙasar noma, esh dawa ce. Burodi raghif suke ce masa."

Sai maganar dattijon Gadarif ta dawo min. A lokacin ne tsoron ya zo, bayan an gama. Habboba kuwa dariya take har da hawaye a idon da ba ya gani.

"Kwana biyu ana roƙonta kalma, ranar da ta ba da sai da ta kusa kashe ni! Kuma ashe kisrata ce ba ta so, munafuka!"

Har yau ina tunanin abin. Da ya ce dura, da na gane. Ban iya ƙarya ba, fuskata take tona ni, kuma ban san me da na ce ba.

Tara saura muka isa gonar Baffa Haruna. Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Habboba ta farke ɗinkin da haƙori, ta zuba hannu ta ɗebo, ta sa masa a tafi. Ya ɗauki sungumi yana sara, matarsa da 'ya'yansa mata suna bi suna jefawa suna rufewa da diddige. Ni ma an ba ni layi. Ƙwaya huɗu ko biyar a rami, na yi ta ƙirgawa har 'yan'uwana suka riga ni da layi uku. Maƙwabta biyu suka zo, kowa aka ɗaure masa kaɗan a bakin rawani, don Habboba ta ce iri a gona ɗaya kamar ido ɗaya ne.

Da la'asar za mu koma, na ga matar Baffa ta ninke rigunan matasan za ta ajiye. Wannan karon ban jira an tambaye ni ba.

"Gwaggo, mutumin gadar ya kalli matasan, duk biyun. In muka koma babu su, zai tuna."

Baffa ya ce, "Yaya, 'yar nan taka ta fi ka ido." Aka cika su da ɓawon gyaɗa, aka ɗinke.

Biyar da rabi muna gadar, dogon yana nan. Ya miƙa hannu ya matsa matashin da ke ƙarƙashin gwiwar Habboba. Ɓawo ya yi ƙaras. Ya matsa ɗayan. Ya ɗan daɗe yana kallona.

"'Yar Jidda, akwai esh?"

Yanzu na san kalmar ta kowane gefe, kuma ta kowane gefe amsar ɗaya ce. Na ɗaga kai na ce, "Babu. Kun cinye da safe."

Ya yi murmushi da tsagaggen leɓensa ya ɗaga sandar.

Rana ta shida zuwa ta goma: komawa

Habboba ta cika alkawari. Shida na safe tana cikin mota da akwatin ƙarfe ɗaya. Ruwa ya sauka a hanya, boksi ya kafe sau biyu, awa takwas muka yi zuwa Gadarif. Muka kwana a can, muka kwana a Kassala, muka kwana a Sawakin muna jiran jirgi. A canjin ƙarshe Baba ya sake nufar taga, mai ledar kuɗin ya gane shi ya ce, "Ya hajj, har yanzu?" Baba ya ce, "Har yanzu." Ni kuwa na san abin da ya tsallaka gada da shi.

A jirgi Habboba ta ƙi yarda cewa duk wannan ruwan ba a ban ruwa da shi. Ranar ta goma, tara da minti ashirin na safe, muka sauka a Jidda. Sha biyu saura muna Waziriyya, Mama tana ƙasan bene inda muka bar ta. Baba ya koma aiki da saura kwana biyu a hannunsa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Abakar da ya saka motarsa a abin da ba nasa ba, da matar masaukin Kassala da ta ba Habboba gadonta, da maƙwabciyarmu Anti Binta da ta koya min rubuta Hausa da boko ta kuma ce in rubuta wannan don 'yan'uwana na unguwa. Mutumin gadar ma ina yi masa addu'ar ya koma gidansu lafiya.

Kwana uku bayan isowarmu hoto ya shigo wayar Baba. Baffa ya hau tudu ya samu layi ya turo. Ba a yi wa Habboba aikin ido ba tukuna, sai ta ce in zauna in faɗa mata abin da ke ciki, kada in rage komai. Na ce baƙar ƙasa ce jiƙe, layuka sun fito kore har inda hoton ya ƙare, kowane rami ganye uku ko huɗu, a tsaye. Na ce akwai layi ɗaya a gefe da ya karkace.

"Naki ne wannan," in ji ta.

Mama ta leƙo daga kicin da riyal biyu ta ce in sauka in sayo esh kafin shayi ya huce. Habboba ta riƙe hannuna.

"Je ki sayo musu abinsu. Amma ki kira shi da wani suna. Esh yana hayin kogi, ganye huɗu."